Gyaran Gida: kafin ka kafa rumfa, dubi ruwa da iska da gara

Kaka ta yi, an kai amfani gida. Kara ya samu, gamba ta bushe, hannu ya ɗan huta. Yanzu ne lokacin gyaran gida. Wannan wata za mu yi magana bisa rumfa da dakalinta.

Wani zai ce: rumfa har sai an rubuta ta cikin jarida? Dirka huɗu, zana biyu, aiki ya ƙare. Haka ake cewa. Amma ka zagaya unguwa bayan ruwan farko na damana, ka ƙidaya rumfunan da suka durƙusa. Wata ta faɗa bisa tukwane. Wata ta danne akuya. Wata kwanonta ya tashi ya sari mutum. Ƙarƙashin rumfa ake daka, nan yara ke barcin rana, nan tsoho ke yini. Abin da ke bisa kan iyalinka kullum ba abin yi da gaggawa ba ne.

Kafin ka sayi ko icce ɗaya, ka zaɓi wuri. Kuma kada ka zaɓa kai kaɗai. Ka tambayi matan gida. Su ke yini cikin gidan. Su suka san inda rana ke dukan mai daka, da inda ruwa ke kwanciya in an yi ruwa.

Ruwa shi ne na farko. Mutanen Maraɗi sun san aikinsa. A shekarar 1945 gulbi ya cika ya ci tsohon gari da ke cikin kwari, aka tada mutane suka hau bisa tudu. A ƙarshen watan Agusta na 2024 kuma, ruwa kamar milimita 150 ya zuba cikin birnin a awa ɗaya da ƴan mintoci, gidaje suka rushe, aka yi rashin rayuka. Tsakar gidanka ma tana da kwarinta da tudunta. Ka tuna inda ruwa ya bi bara har ya fita ta rariya. Kada ka kafa rumfa bisa wannan hanya. In ka tare ruwa da dakali, zai juya ya kwanta gindin ɗaki. Ɗakin ƙasa kuwa daga gindi yake faɗuwa.

Ƙasa ba ɗaya ba ce. Bisa tudun Maraɗi rairayi ne. Yana shan ruwa da sauri, amma ba ya riƙe dirka, sai an zurfafa rami. Wanda gidansa ke kusa da fadama, wajen Tibiri ko Jiratawa, ƙasarsa tana da laka. Laka tana riƙe dirka tamau, amma tana riƙe ruwa kuma, ruwan nan shi ke ruɓar da gindin icce. Kowa ya san irin ƙasarsa kafin ya ɗauki shawarar wani.

Sai iska. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi gabansa. Iskar ɗari mai ƙura ita ma daga wajen gabas da arewa take zuwa. Saboda haka gabas ake toshewa. In da hali, ka jingina rumfa jikin ɗaki, ɗakin ya tare mata gabas. In babu hali, ka ɗaure zana mai kauri a wannan gefe, ka ƙara dirka. Rumfar da ta buɗe baki gabas, iska za ta shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta kamar faifai.

Ka buɗe ta wajen kudu. Ga dalili. Lokacin ɗari, rana tana karkata kudu. Za ta leƙo cikin rumfa, tsofaffi su sha hantsi ba su tashi daga tabarma ba. Lokacin bazara, cikin Afrilu da Mayu, rana tana bi ta tsakar ka, inuwa ta faɗi daidai ƙarƙashin rufi. Kuma sanyayyar iskar damana daga kudu maso yamma take busowa. Abin da ya rage shi ne ranar la'asar, mai shigowa ta yamma a kwance. Wannan ba rufi ke tare ta ba. Ka rataya asabari ko guntuwar zana. Ka dasa dogon yaro wajen yamma, amma nesa da dakali kamar mita 5, don saiwarsa tana fasa gini.

Girman rumfa, ka auna shi da tabarma. Mutum nawa za su zauna? Da turmi a ciki? Za a rataya sange a kwana lokacin zafi? Mita 3 bisa mita 4 ya isa ƙaramin iyali. Tsawonta sama kada ya kasa mita 2 da rabi in za a yi daka, don taɓarya ta samu wurin tashi. Ga dabarar magina don kusurwa ta miƙe. Ka samu igiya, ka yi mata ƙulli 13, tsakanin kowane ƙulli da ɗan'uwansa kamu ɗaya, ya zama kamu 12. Ka haɗa bakinta biyu. Mutum uku su ja ta, gefe ɗaya kamu 3, gefe ɗaya kamu 4, gefe ɗaya kamu 5. Inda 3 da 4 suka haɗu, nan ne kusurwa madaidaiciya. Yaron da ke makaranta zai iya taya ka.

Yanzu mu zo ga icce, inda magana take da yawa.

Kowa ya san kirya ita ce sarkin dirka. Gara ba ta son ta, ruwa ba ya cin ta da sauri. Shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma ke neman gawayinta. Shi ya sa kuma ta yi wuya. Wanda ya gaji dirkar kirya wajen ubansa, kada ya sa ta wuta, ko ta tsufa. Ya datse ruɓaɓɓen gindi ya yi ƙaramar rumfa da ita. Azara ta giginya ita ce ta shimfiɗa bisa dirka. Gara ba ta damunta ƙwarai, amma tana da iyaka: in tsakanin dirka da dirka ya wuce mita 2, sai ta lanƙwashe. Giginya tana da yawa can Dallol Mawri wajen Gaya, goruba kuwa cikin Gulbin Kaba. Dukansu doka ta kare su, hakanan gawo. Gawo ma ko an ba ka kyauta ba ya dirka. Iccensa ba shi da ƙarfi, ƙwari na huda shi. Amfaninsa yana tsaye cikin gona, yana ba gero taki, yana ba bisashe ƴaƴa. Mutanen Jiratawa masu garkar zogale, ba sai an gaya muku ba: karansa ko turken ɗan akuya ba ya yi.

To, da me talaka zai yi? Da dogon yaro. Yana ko'ina, in an sare reshe yana tohowa, kuma gara ba ta gaggawar cinsa in ya ƙosa. Turare yana da miƙewa, yana da kyan gani, ya dace da sama. Amma in ka binne shi haka nan, gara ta samu abinci. A ganina, dirkar dogon yaro a ƙasa da turare a sama shi ne haɗin da ya fi dacewa da aljihun manomi.

Akwai kuma icce na gonarka. Tun 1983 aka fara yaɗa sassaben zamani a jihar Maraɗi, tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo. Manomi ba ya tone kututture. Yana barin toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya rage sauran. Da wannan dabara itatuwa suka komo bisa kadada kamar miliyan 5 a ƙasarmu, mafi yawa cikin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta ba manomi iko bisa itatuwan da ya raya haka. Wanda ya raya kalgo da sabara, yana da sandunan shimfiɗa da tanka ba da ko dala ba. Duk da haka, kafin ka kada babban icce ɗanye, ka je ka ga ma'aikacin gandun daji. Tambaya ta fi tara sauƙi.

Kada ka kafa ɗanyen icce. Ka ɓare ɓawonsa, don ƙarƙashin ɓawo ƙwari ke ɓuya. Ka shanya shi a inuwa, bisa duwatsu, wata ɗaya ko biyu.

Rumfa daga ƙafa take mutuwa, daidai inda icce ya haɗu da ƙasa. Nan danshi yake, nan gara ke shiga. Ka duba duk dirkar da ta karye, za ka ga nan ta karye, samanta kuwa lafiya lau. Saboda haka aikin rabin yini da za ka yi wa gindin dirka ya fi dukan sauran aikin. Ka babbaka gindin bisa wuta har ya yi baƙi, ya wuce inda ƙasa za ta tsaya da kamar santimita 20. Kada ka bari ya ci ciki. Wasu suna shafa baƙin mai na mota. Yana aiki, amma dafi ne: kada a yi shi kusa da rijiya, kada a bar shi inda yara da bisashe za su taɓa. Rami ya kai santimita 60 cikin laka, 80 cikin rairayi. Ka sa dutse ko tsakuwa a ƙasan ramin, dirka ta zauna bisansa. Ka maida ƙasa kaɗan kaɗan kana dannawa da taɓarya. Daga ƙarshe ka tara ƙasa jikin dirka, ruwa ya riƙa gangarewa.

Masu siminti suna yin wani kuskure. Su zuba siminti ƙasan rami da gefe duka, su tsoma icce ciki. Sun yi wa ruwa tukunya. Icce ya bushe ya motse, ruwa ya bi ta tsagar ya kwanta, dirka ta ruɓe ba a gani. In za ka sa siminti, ka bar ƙasan da tsakuwa. Dirkar ƙarfe ita ce ke son siminti, kuma ita ma sai an shafe ta da fenti saboda tsatsa.

Rufi iri biyu ne, kowane da halinsa. Zanar gamba da karan gero suna da sanyi, suna da araha, iska na ratsa su. Amma ba su tare babban ruwa, suna son sabuntawa bayan damana biyu ko uku, kuma abincin wuta ne. Murhu ya yi nesa da su. Kwano yana tare ruwa, yana daɗewa, amma da bazara ya zama tanda. Mai kwano ya ɗaga rumfarsa ta kai mita 3, ya shimfiɗa zana ƙarƙashinsa. Ya karkata shi, kowane mita ɗaya ya sauka santimita 15. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba. A ɗaure icce na sama da dirka da waya mai kauri. Dutsen da ake azawa bisa kwano, ranar babbar iska shi ke faɗowa kan mutum. A cikin birni, a duba wayar lantarki kafin a ɗaga kwano. Wanda zai fito da rumfa bakin hanya, ya fara zuwa ofishin magajin gari.

Ka lissafta ruwan da kwano zai zubo. Milimita ɗaya bisa mita ɗaya murabba'i lita ɗaya ne. Rumfa mai mita 3 bisa 4, in an yi ruwa milimita 20, za ta zubo lita 240. Ya fi duro ɗaya mai lita 200. Ruwa irin na 2024 kuwa duro tara ke nan daga rumfa ɗaya. Ina zai tafi? In ka sa indararo da duro, ka samu ruwan wanki. In ka karkata shi bisa katangar maƙwabci, ka sayi shari'a gaban mai unguwa.

Makiyaya da masu kiwon gida suna tara harawa da kara bisa rumfa. Dabara ce mai kyau: inuwa ta ƙaru, abincin bisashe ya tsira daga awaki. Amma rumfar harawa dabam take da rumfar zama. Tana son dirka shida ko tara, ba huɗu ba. A sauke abin da ya rage kafin ruwan farko, don jiƙaƙƙiyar harawa nauyinta ya ninka. Kada a ɗaure rago jikin dirka. Yana ja, yana soshe jiki, fitsarinsa na jiƙa gindin icce. A kafa masa turkensa.

Ƙasan rumfa ya fi tsakar gida tudu da kamar santimita 20. A zuba burji, a yi daɓe, ya ɗan gangara nesa da ɗaki. Tsofaffin mata sun san aikin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ya yi tauri. Dakalin zama kuwa, tsawonsa ya zo daidai gwiwa, santimita 40 zuwa 45, don tsoho ya zauna ya tashi ba a kama shi ba. In za a kwanta bisansa, faɗinsa ya kai mita ɗaya. Siminti bisa tubalin ƙasa ba su shiri. Bayan damana ɗaya ko biyu sai ya tsage ya ɓamɓare, ruwa ya shiga baya, kunama ta samu ɗaki. Ko dai a yi dakalin da dutse da siminti tun daga ƙasa, ko a bar shi na ƙasa a riƙa yaɓe shi kowace shekara.

Ka sare icce yanzu ya bushe cikin ɗari. Ka sayi zana yanzu tun gamba na da araha. Ka kafa cikin Fabrairu ko Maris, daɓe ya bushe kafin zafi. In bazara ta kusa ƙarewa, ka bi dirka ɗaya ɗaya ka girgiza. Ka tone gindinta kaɗan ka soka wuƙa. In wuƙa ta shige ba wuya, ka canza wannan dirka tun hadari bai taso ba.