Idan sitarne ta faɗi, ku bar ƴan pompiye su tsaya nesa

Kwanan baya wani mai saurare ya kira ni a cikin shiri, ransa a ɓace. Wai ya ga motar dakon mai tana tsiyaya bakin hanya, ƴan pompiye sun iso, maimakon su buɗe ruwa sai suka ajiye motarsu can nesa suka shiga korar mutane. Shi a ganinsa tsoro ne ko lalaci. Na ba shi amsa a gurguje don lokaci ya ƙure mana, amma maganar ta tsaya mini a rai. Malam, in kana karanta wannan, abin da ka gani ɗin nan shi ne aikin.

Mu a Yamai bai kamata sai an yi mana dogon bayani ba. Daren 5 ga Mayun 2019 wayewar 6, gab da shiga azumi, sitarne ta kife kusa da wani gidan mai a kan RN1, daf da filin jirgin sama na Diori Hamani. Esansi ya malala, mutane suka fito da bido da bokiti suna kwasa. Waɗanda suka shaida sun ce wani mai moto ne ya matso, tartsatsi ya tashi. Mutum 55 aka fara ƙirgawa, daga baya adadin ya haura 70, don da yawa daga waɗanda suka ƙone sun cika a asibiti. Shugaba Issoufou Mahamadou ya je duba masu rauni, aka yi zaman makokin kwana uku. Allah ya jiƙansu. Ku lura da abu ɗaya: tsakanin faɗuwar motar da tashin wutar akwai lokaci, har mutum ya je gida ya ɗauko bido ya dawo. A cikin wannan lokacin ne aka yi asarar.

To, me pompiye yake yi in ya iso irin wurin nan? Farko yana duba iska, ya tsaya ta inda take fitowa, don kada ta kwaso tururi ta kawo masa. Sannan daga nesa ya karanta allon nan mai ruwan goro da ke gaba da bayan motar. Ku duba shi gobe in sitarne ta wuce ku. In kun ga 33 a sama, 1203 a ƙasa, esansi ne. In 30 da 1202 ne, gazuwal. 23 da 1965 kuwa gaz ne irin na girki. Lambar nan ita ke gaya masa nisan da zai kori jama'a da abin da zai zuba. Littafin da masu kashe gobara ke aiki da shi a Amurka da Kanada ya ce in tankin mai ya kama wuta a janye mutane mita 800 ta kowane ɓangare. Mita 800 fa! Mu kuwa mita goma ma sai an yi faɗa, kowa ya ɗaga salula yana ɗaukar bidiyo.

Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, ba ruwan esansin ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama. Rarrafe yake a ƙasa, ya bi magudanar ruwa, ya shige ƙarƙashin motoci da rumfuna. Ba ka ganinsa. A zafin watan Mayu na Yamai kuwa, lissafa da kanka. Taba sigari, murhun mai shayi, moto da aka tayar, bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, kowanne ya isa. Shi ya sa suke hana a tayar da inji, suke auna iskar wurin da na'ura, suke tare man da rairayi kada ya gangara cikin unguwa.

Ruwan da mai kiran nan yake so a buɗe kuma, esansi bai kai ruwa nauyi ba, tasowa yake ya hau kansa. In ka kwarara ruwa a kan man da ke ci, ka ba wutar abin hawa ke nan zuwa ƙofar gidan maƙwabci. Kumfa ake shimfiɗa masa, ta rufe shi kamar bargo ta danne tururin. Ruwa amfaninsa sanyaya jikin tankin da kare gidajen gefe.

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa: talauci ne. Ban musa ba. Wanda ya kwana bai ci ba, ya ga bido ɗaya zai ba shi kuɗin cefanen kwanaki, wa'azina ba zai shiga kunnensa da sauƙi ba. Amma a irin taron nan ba masu kwasa kaɗai ke mutuwa ba, har da ƴan kallo da yaran da suka bi yayyensu. Kuma abin bai tsaya kanmu ba. A Majiya ta jihar Jigawa, Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka tafi ta wannan hanyar. Bayan wata uku aka sake a mahaɗar Dikko kusa da Suleja. In muka tsaya jiran a gama da talauci kafin mu koyi ja da baya, makoki nawa za mu yi?

Hukuma ma tana da nata. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011, motocin mai ke ratso hanyar nan daga Damagaram, kusan kilomita 900, ta Maradi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, suna bi ta tsakiyar garuruwa da kasuwanni. Ina son in ji wani ɗan jarida ya tambayi masu kula da kare fararen hula: a rundunonin pompiye da ke kan hanyar nan, nawa ne ke da kumfa a ajiye, kuma lita nawa? Pompiye soja ne, amma mutanen da mota ɗaya ta ɗauko ba za su iya tare ɗaruruwa suna kuma riƙe da tiyo ba. Kiran da ya tayar da su ya kamata ya tayar da ƴan sanda da jandarma a minti ɗaya. Wurin kwanan sitarne kuma a fitar da shi daga cikin gidajen mutane.

Kafin su iso, wurin a hannun mutanen unguwa yake. Liman, mai unguwa, shugaban ƴan kabu-kabu, samarin fada, su ne ake jin maganarsu. A kira 18, a faɗi wurin daidai, a karanta musu lambar allon in ana hango ta daga nesa. A kashe wuta, a tura moto da hannu, a kwashe yara zuwa ɓangaren da iska ke fitowa. Mu ma ƴan rediyo da laifinmu, sai an mutu muke buɗe layi ana ta'aziyya. Ni dai na roƙi a ba ni minti biyar kowane mako in gayyato pompiye ya yi wannan bayanin da Hausa da Zabarmanci, ina jiran amsar shugabannina.