Bayan Guguwa, Wa Za a Fara Nema?

Mai karatu, idan ka ji a rediyo an ce mahaukaciyar guguwa ta afka wa wani tsibiri, abin da ake fara faɗa maka shi ne ƙarfin iska, da yawan gidajen da suka rushe, da adadin gawarwakin da aka tsinta. Bayan mako guda sai a daina maganar. Ni aikina jinya ne, shi ya sa nake so mu duba watannin da ke biyo baya, domin a cikinsu ne mutane suka fi mutuwa. A ganina, duk shirin tayar da yanki bayan guguwa ya kamata ya fara da takarda guda: sunayen marasa lafiyan da ba sa iya kwana biyu ko uku ba tare da magani ko na'ura ba, da inda kowannensu yake kwana. Gyaran hanya da wuta da ruwa su bi bayan wannan takarda, ita za ta nuna inda za a fara.

Ga abin da ya faru a Puerto Rico. Tsibiri ne a tekun Karibiyan, ƙarƙashin ikon Amurka, mutanensa sun haura miliyan 3. Ranar 20 ga Satumba 2017 guguwar da aka sa wa suna Maria ta sauka a kudu maso gabashinsa da iska mai gudun kusan kilomita 250 a awa. Wutar lantarki ta ɗauke a tsibirin gaba ɗaya, kusan duk turakun wayar hannu suka daina aiki, ƙasa ta zaftare ta rufe hanyoyin kan duwatsu, gadoji suka karye. Gwamnatin tsibirin ta ce mutum 64 ne suka mutu, ta kuma tsaya a kan wannan adadi wata da watanni.

Masu aikin binne gawa sun san lissafin bai cika ba. Da surutu ya yi yawa, gwamnati ta ba Jami'ar George Washington aikin bincike. Masu binciken suka ƙirga waɗanda suka mutu daga Satumba 2017 zuwa Fabrairu 2018, suka gwada da adadin da aka saba gani a irin waɗannan watanni. Rarar da suka samu mutum 2,975 ne. A watan Agusta 2018 gwamna Ricardo Rosselló ya karɓi wannan adadi. Tsofaffi da mazauna garuruwan talakawa su suka fi yawa a ciki. Wasu masu bincike daga Jami'ar Harvard kuma sun bi gida 3,299 suna tambaya, iyalai suka shaida musu cewa kusan ɗaya cikin uku na mamatan sun rasu ne saboda jinyarsu ta yanke ko ta makara.

Ka san yadda irin wannan mutuwa take zuwa? Ba ta da ƙara. Mai wankin ƙoda yana bukatar na'ura sau 3 a mako, na'urar kuma tana bukatar wuta da ruwa mai tsabta sosai. Idan ya rasa wanki na mako guda, gishirin fotasiyam yana taruwa a jininsa har zuciya ta tsaya. Tsohuwar da ke shaƙar iska ta na'ura a gida, wuta na ɗaukewa numfashinta ya fara ƙaranci. Mai ciwon suga da ya dogara ga allurar insulin, idan ta ƙare masa, kwanaki kaɗan ne ya fara amai da ƙishirwa ya suma. Mai hawan jini ba ya jin komai a makon farko da ƙwayoyinsa suka ƙare, sai a mako na huɗu ko na shida ɓarin jikinsa ya shanye. Wanda ke kwance ba ya iya juyawa, gyambon baya ya kama shi cikin zafi babu fanka, babu ruwan wanke ciwo. Duk waɗannan, a takardar shaidar mutuwa za a rubuta ciwon zuciya, ko ƙoda, ko suga. Sunan guguwa ba zai fito ba. Binciken George Washington ya gano cewa ba a koya wa likitocin tsibirin yadda ake danganta mutuwa da bala'i a kan takarda ba. Ta nan aka samu 64.

Sai da aka yi kusan wata 11 kafin a mayar wa gidajen ƙarshe wuta. Janaretan asibiti an yi shi ne ya riƙe na 'yan kwanaki, sai ga shi yana aiki dare da rana har ya lalace, man da yake sha kuma sai an bi layi.

Kada ka ɗauka agaji ne bai zo ba. Ya zo. A ƙarshen Satumba dubban kwantenoni cike da abinci da ruwa da magunguna suna jibge a tashar jiragen ruwa ta San Juan, babban birnin. Direbobi sun maƙale a garuruwansu, babu waya da za a kira su, babu man mota, hanya a toshe. Ma'ajiyar hukumar agajin gaggawa ta Amurka da ke tsibirin kuwa kusan wayam take, domin mako biyu kafin nan guguwar Irma ta wuce, an kwashe kayan an kai wa tsibiran maƙwabta. Wannan ita ce matsalar tsibiri: komai ta ƙofa ɗaya yake shigowa. Maganin da ke tashar jirgi bai amfani mutumin da ke kan dutse da komai ba. Shirin kirki shi ne a rarraba ajiyar magani a ƙananan asibitocin cikin ƙasa tun kafin lokacin guguwa, kowane asibiti gwargwadon sunayen da ke cikin littafinsa.

Akwai wani ƙaramin tsibiri a gabashin Puerto Rico mai suna Vieques, mutanensa wajen 9,000. Asibitinsu guda ɗaya ne, Maria ta lalata shi aka rufe. Masu wankin ƙoda sun koma hawan ƙaramin jirgin sama zuwa babban tsibiri sau 3 a mako, fiye da shekara guda suna haka. Duk wanda ya taɓa ganin mutum ya sauko daga na'urar wanki, jiki a mace, ya san abin da wannan tafiya take nufi. Sai a Janairu 2020 aka amince da kuɗin gina musu sabon asibiti. Mutanen nan ba su da yawa, an san sunayensu, an san ranakun wankinsu. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tanadi inda za su koma idan ginin ya faɗi.

Injiniyoyi za su ce a fara da manyan layukan wuta, domin da su ake haska mutum dubu ɗari a lokaci guda. Suna da gaskiya, ban ce a bar wannan ba. Amma lafiyayyen mutum yana iya wata uku a duhu ya fito da ransa, mai na'urar numfashi ba ya iya kwana uku. A garin Adjuntas da ke kan duwatsu akwai wata ƙungiyar mazauna gari mai suna Casa Pueblo, wadda ta daɗe tana amfani da wutar hasken rana. Bayan Maria gidansu na cikin 'yan wuraren da ke da wuta. Mutane suka riƙa kawo na'urorinsu na jinya suna jonawa, ƙungiyar ta raba fitilun sola, daga baya ta sa wa wasu gidajen marasa lafiya faifan sola da ƙaramin firij na ajiye magani. Sun iya yin haka ne domin sun san wane ne ke kwance a wane gida.

Ƙorafi na biyu ya fi damuna, shi ne na asiri. Mai shan maganin ƙanjamau ko na farfaɗiya ko na taɓin hankali ba zai so sunansa ya shiga hannun mai unguwa ba, kuma haƙƙinsa ne. Amsata ita ce a yi takarda iri biyu. Cikakkiyar, mai sunan ciwo da sunan magani, ta zauna a asibiti a kulle, rubuce da hannu, a cikin leda, domin kwamfuta ba ta da amfani ranar da babu wuta. Ta biyu a ba wa amintaccen mai sa kai na unguwa, ba komai a ciki sai suna da gida da alamar cewa a leƙa wannan mutum cikin kwana biyu. Kada a rubuta kowa sai da yardarsa. A kuma riƙa sabunta ta, don takardar bara tana ɗauke da waɗanda suka rasu, ta rasa waɗanda suka kamu bana.

Ruwan sha ma yana cikin lissafi. Da famfuna suka tsaya, mutane sun sha daga rafuka, wasu suka kamu da ciwon da ake ɗauka ta fitsarin ɓera, akwai waɗanda ya kashe. Yana farawa da zazzaɓi da ciwon jiki kamar maleriya, don haka ma'aikacin jinya ya riƙa tambayar mara lafiya ko ya shiga ruwan ambaliya.

Kai da ke karanta wannan, wataƙila ba ka taɓa ganin teku ba. Amma a 2022 da 2024 kogin Logone ya cika ya tumbatsa, unguwanni a Yagoua da Kousseri da Njamena suka koma sai da kwalekwale. Ƙauyen da ruwa ya kewaye tsibiri ne har ranar da ruwan ya janye. Don haka idan kana shan magani kullum, ko kana jinyar mai sha, kafin damina ta kankama ka je asibitinku ka nemi a rubuta maka sunan maganin da yawan da ake sha a kan kati, ka ajiye shi cikin leda tare da takardunka. Ka tambaya ko za a iya ba ka ƙarin na mako biyu ko fiye. Mai farfaɗiya kada ya yarda maganinsa ya yanke farat ɗaya, domin hakan na tayar da faɗuwa mai tsanani. Mace mai ciki da watanta ya kusa ta koma wajen 'yan'uwa kusa da asibiti tun hanya na biyuwa. Insulin kuwa, binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da Jami'ar Geneva, wanda aka buga a 2021, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Idan babu firij, ka sa kwalbar cikin leda ka ɗaure, ka ajiye ta a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, inda rana ba ta kaiwa.