Kafin Ka Bar Cin Nama, Biya Mai Bin Ka Bashi

Duk shekara, tsakanin ƙarshen hunturu da shigowar bazara, Kiristoci mabiya Katolika da Angalika da wasu ɗarikoki kan shiga azumin kwana arba'in da ake kira Lent. Ana farawa ranar Larabar Toka, a kammala a jajibirin Ista. Wanda ya ƙirga a kalanda zai samu kwana 46, amma ba a lissafa Lahadi shida da ke tsakani, domin Lahadi ranar murnar tashin Almasihu ce. Arba'in ɗin kuwa koyi ne da Yesu, wanda ya yi kwana arba'in a jeji yana azumi, kamar yadda Musa da Iliya suka yi kafinsa.

A 2025 Musulmin Najeriya sun ɗauki azumin Ramadan ranar 1 ga Maris, mu kuma aka shafa mana toka a goshi ranar 5 ga wata. Maƙwabta suka yi ta tambaya: wai ku naku azumin da sahur ne ko babu? Amsar kan ba su mamaki. A Katolika, tun sassaucin da Paparoma Paul na Shida ya yi a 1966, ranaku biyu ne kacal azumi ya wajaba, wato Larabar Toka da Jumma'ar da ake tunawa da gicciye Almasihu. Mai shekara 18 zuwa 59 zai ci cikakken abinci sau ɗaya, ya ɗan taɓa wani abu sau biyu, kuma ba a hana shi ruwa ba. Sai barin nama kowace Jumma'a ga duk wanda ya kai shekara 14. Sauran an bar mutum da zuciyarsa. 'Yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar sun fi mu tsanantawa, don su kwana 55 suke yi ba nama, ba madara, ba ƙwai.

Tunda dokar ciki ba ta da yawa, nauyin azumin nan ya koma kan tuba. A nan nake da magana da 'yan'uwana masu bi. A ganina, tubar da ta tsaya a kan tukunya, ba ta kai ga aljihu ba, ba ta yi nisa ba.

Mu duba batun naman nan da idon basira. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa a cocinmu suka yi sallama da nama, Jumma'a da Talata duk ɗaya. Ka ce wa gwauruwar da ke kaɗa miyar kuka da daddawa zalla ta bar cin nama, me ka hana ta? Mai hali kuma ranar Jumma'a sai ya aika a sayo masa ƙatuwar tarwaɗa, a yi farfesu wanda kuɗinsa ya ninka na naman da ya bari. Ya cika doka, ba mai tuhumarsa. Amma babu abin da ya ragu a jikinsa, babu kuma abin da ya ƙaru a kwanon maƙwabcinsa.

Na daɗe ina zama a kwamitin sulhu na cocinmu, kuma abin da ke kawo mutane gabanmu bai cika wuce haƙƙi ba. Uwar adashi ta cinye kwasar wata. Mai gida ya riƙe albashin 'yar aiki wata da watanni, yana cewa ajiye mata yake yi. Ƙanin mamaci ya haɗe gonar marayu da tasa, ya ce sai sun girma, ga su nan har sun yi aure. Mai awo ya bubbuga gindin mudu. Mai makaranta ya karɓi kuɗin zango daga iyaye, malamai kuwa sai haƙuri. Da yawa cikin masu wannan hali ba sa fashin Hanyar Gicciye. Kowace Jumma'a da yamma suna nan, suna durƙusawa a tashoshi goma sha huɗu ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin ma wanda suka danne wa haƙƙi yana durƙushe a benci na gaba.

Wata tsohuwa da ke soya ƙosai, wadda wani dattijon coci ya ci mata bashin kuɗin wake, ta taɓa ce mini, "Ɗana, na ji an ce ya je ya furta zunubansa wurin Fada. To, Allah ya yafe masa. Ni dai jarina bai dawo ba." Na rasa amsar da zan ba ta, domin gaskiya ta faɗa.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu kan wannan ba. A sura ta 58 ta littafin Annabi Ishaya, mutane sun yi ƙorafi cewa suna azumi Allah bai kula ba, aka nuna musu cewa a ranar azumin nasu suke matsa wa ma'aikatansu, kuma azumin da Allah ke so ya haɗa da sakin wanda aka zalunta da ciyar da mai yunwa. A sura ta 19 ta Luka akwai labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Da Yesu ya sauka a gidansa, mutumin ya miƙe a gaban jama'a ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ba a faɗa mana abin da Zakka ya ci ko ya bari a ranar ba. Abin da aka rubuta shi ne abin da ya mayar. A Matiyu kuma an umarci mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa na da ƙorafi a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan sarai, don malamansu kullum suna jan kunne cewa haƙƙin wani ba ya faɗuwa da istigfari kawai, sai an mayar ko mai shi ya yafe.

Na san za a ce mini ceto alheri ne, ba a sayensa da aiki. Haka ne, ban kuma ce a saya ba. Zakka bai biya kuɗi don Yesu ya shigo gidansa ba. Shigowar ce ta fara, mayar da haƙƙin ya biyo baya. Wanda alherin ya shiga zuciyarsa da gaske, hannunsa ba ya iya ci gaba da riƙe kayan wani. Wasu kuma za su ce ina raina horon jiki. Ko kaɗan. Yunwar da mutum ya ɗora wa kansa da gangan tana karya girman kai, tana tuna masa cewa shi turɓaya ne, abin da tokar goshi ke nufi ke nan. Sai dai horon hanya ce, kuma ana gane matafiyi ya yi gaba ne in ya isa wani wuri. Masu bin ECWA da COCIN da cocin Fentikos, waɗanda da yawansu a farkon shekara suke nasu azumin, su ma wannan ma'aunin ya hau kansu.

Akwai uzuri ɗaya da nake girmamawa, shi ne na wanda ba shi da abin biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma zamanin nan ya karya mutanen kirki da yawa. Amma rashin kuɗi bai hana ka taka ƙafa ka je ba. Abin da ke ƙona ran mai bin bashi sau da yawa shi ne kauce masa da ake yi, a ga kiransa a ƙi ɗauka, a hango shi a kasuwa a sauya layi. Je ka same shi ka ce, "Yaya, ban manta ba, ga abin da ya samu, sauran a ƙarshen wata." Wannan tafiyar ta fi wuni da ƙishirwa wuya, domin girman kai take yanka.

Mahaifiyata, Allah ya ba ta hutawa, ba ta yi boko ba, amma ta fahimci lissafin azumin nan. Duk ranar da aka rage tuwo a gidanmu saboda azumi, takan ɗebi garin da aka rage ta zuba a wata tukunya daban. Ranar Asabar ta auna ta aika wa wanda ta san rumbunsa ya yi ƙasa. A wurinta, abin da ka hana cikinka ya riga ya zama na wani, in ka bar shi a ɗakinka ka yi tsimi ne kawai. Tun ƙarnonin farko haka Ikilisiya ta haɗa ukun nan wuri guda: addu'a, azumi da sadaka.

Don haka ga roƙona ga limaman coci, fastoci da katikis. Yadda kuke sanar da lokacin furta zunubi da na Hanyar Gicciye, ku ware mako guda kafin Lahadin Dabino ku kira shi makon mayar da haƙƙi. Ku faɗa daga bagade, da Hausa ƙarara, cewa albashin 'yar aiki, kuɗin adashi da gonar marayu suna cikin abin da ake tuba a kai. Ku buɗe ƙofa ga mai jin kunya ya kawo ta hannunku a asirce. Zumuntar mata da ta matasa su taya da bin sawu. Kai kuma ɗan'uwa, ɗauki takarda yau ka rubuta sunayen waɗanda ke bin ka, kuɗi ne ko ban haƙuri, ka fara da wanda ya fi ka rauni. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In Ista ta same ka da sunaye biyu ko uku da ka soke a takardar nan, ka yi girma cikin bangaskiya fiye da wanda ya yi kwana arba'in bai ɗanɗana tsoka ba.