Kafin Mu Ƙwace Wayar Yaro, Mu Nuna Masa Abin Kallo



Kukan da muke yawan ji daga iyaye guda ne: yara sun tare a waya. Daga tashi Islamiyya har dare ido na kan YouTube da TikTok, kuɗin data kuma daga aljihun uba suke fita. Maganin da yawancinmu suka sani shi ne ƙwace wayar. A ganinmu wannan ba ya kai mu ko'ina, don yaron da aka ƙwace wa waya a gida zai je ya leƙa ta abokinsa a Mokola, inda babu mai sa masa ido. A garin nan na Ibadan aka buɗe tashar talabijin ta farko a Najeriya a 1959. Bayanta bidiyo ya shigo, yanzu ga waya. Babu wanda aka iya kora a cikinsu, zaɓi kawai aka iya yi. Shi ya sa muka kawo shawarar abin da ya kamata a ɗora yara a kai.

Na farko, bidiyon sararin samaniya. A nemo musu saukar Neil Armstrong a duniyar wata a 1969, da saukar kumbon Indiya, Chandrayaan-3, a watan Agustan 2023, da hotunan taurarin da na'urar James Webb ta fara aikowa a 2022. A faɗa musu Najeriya ma ta mallaki tauraron ɗan'adam, NigeriaSat-1, a 2003. Wanda muka fi so a kalla tare da yara shi ne na Sheikh Muszaphar Shukor, likita ɗan Malesiya da ya je tashar sararin samaniya a 2007, cikin watan azumi. Tashar tana kewaye duniya a kusan minti 90, ke nan rana tana fito musu sau 16 a kwana guda. To ina alƙibla, kuma yaushe ne lokacin salla? Sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka rubuta masa jagora. Yaron da ya ga wannan zai koma wajen malaminsa da tambaya mai ma'ana. Haka nan bidiyon da ke nuna yadda wata yake ɗaukar kusan kwana 29 da rabi daga tsayuwa zuwa wata tsayuwar zai fahimtar da shi dalilin da ya sa wata ke yin 29 ko 30, da abin da ya sa muke jiran sanarwar Sarkin Musulmi.

Na biyu, finafinan ƙagaggen labarin kimiyya. Kada mu ɗauka abin Turawa ne kawai. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawo da shi a sararin samaniya, kuma da Hausa. Ga manyan yara akwai The Martian na 2015, inda aka bar mutum shi kaɗai a duniyar Mas, ya rayu da lissafi da noman dankali. A dai nuna wa yaro inda ilimi ya tsaya da inda ƙage ya fara.

Na uku shi ne inda muka san za a yi mana ca: waƙoƙin Koriya ta Kudu da 'yan matanmu ke bi, irin na BTS da Blackpink. Wasu iyaye da malamai za su ce kiɗa ne da rawa da shigar da ba tamu ba, kuma maganarsu tana da tushe. Akwai bidiyon da ba mu yarda a kalla a gidajenmu ba, kuma uban da ya hana kiɗa a gidansa saboda addini yana da hakkinsa. Amma mu da muka tashi da waƙoƙin Indiya bai kamata mu yi kamar yau aka fara ba. A Kano har masu bege sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka yi yabon Annabi (SAW) da shi. Abin da muke so yara su lura da shi a wajen 'yan Koriya shi ne da harshensu suka yi suna. Gangnam Style, wadda ta fara kai kallo biliyan guda a YouTube a 2012, da Koriyanci aka rera ta.

Nan ne damuwarmu ta gaske take. Sabo ta haura shekara 100 da kafuwa, kuma abin da ya riƙe ta tsakiyar ƙasar Yarbawa, bayan addini da fataucin goro da shanu, shi ne harshe. Yau akwai yaranmu da Yarbanci da Turanci suka fi zama a bakinsu fiye da Hausa. Sanin harsuna riba ce, amma asarar na gida ba ƙaramar asara ba ce. Don haka duk bidiyon Koriya ɗaya da yarinya ta kalla, a haɗa mata da na Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos, da rahotannin BBC Hausa da DW Hausa. In an gama kallon na Turanci, a ce yaro ya ba kakarsa labarin da Hausa.

Roƙonmu ga iyaye kaɗan ne. A sauke bidiyon tun da rana don a rage cin data, a sa wa ƙanana YouTube Kids, a ajiye waya lokacin salla da karatu, kuma ko sau ɗaya a mako uba ko uwa su zauna a kalla tare. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Ibadan da sauran makarantu kuma, ku taimaka da fassara wa ƙannenku abin da kuka gane.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su fi mu ilimi. Amin.

Sakataren Ƙungiya