A Koya wa 'Ya'yanmu Sanin Ciwon Damuwa Tun Suna Makaranta



A makarantunmu ana koya wa yara yadda sauro ke kawo zazzaɓi, da yadda ake kauce wa kwalara. Amma akwai ciwon da ke cin matasanmu a ɓoye, ba a kuwa ambatonsa a aji ko a majami'a. Wannan shi ne ciwon damuwa. Ra'ayinmu shi ne a sa shi cikin darussan sakandare, dattawan ikilisiya kuma su zama na farko wajen neman haka.

Ciwon damuwa ba ɓacin ran kwana ɗaya ba ne. Likitoci sun ce idan baƙin ciki ya wuce mako 2 bai sauka ba, yaro ya daina sha'awar abin da yake so a da, barci da cin abinci suka rikice, karatu ya ja baya, to a bincika. A wurin matasa yakan fito da siffar fushi da taurin kai. Shi ya sa sau da yawa bulala muke ba su a maimakon taimako.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke ran matasa. Mu kuwa namu ya fi nauyi. Yawancin ikilisiyoyinmu sun ga tashin hankali. Akwai yaran da suka gudo daga Gwoza a 2014, da waɗanda aka ƙone ƙauyukansu a Kudancin Kaduna da Filato. Sun koma aji, amma abin da idonsu ya gani bai bar su ba.

Mun san abin da waɗansu dattawa za su ce: cutar Turawa ce, ko rashin bangaskiya, ko aikin aljanu. Mu tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan nasarar Dutsen Karmel ya zauna a jeji yana roƙon mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Abinci da ruwa da barci ya fara ba shi, sa'an nan ya yi magana da shi. Ba ma hana mai ciwon sukari zuwa asibiti don muna yi masa addu'a. Me zai sa mu hana wannan?

Waɗansu kuma suna tsoron cewa maganar za ta cusa wa yara mugun tunani. Masana sun bincika, sun ga cewa tambayar yaro a hankali ba ta sa shi cutar da kansa. Shirun ne ke da haɗari. Yaro yakan faɗa wa abokinsa abin da ba zai faɗa wa mahaifinsa ba. Idan abokin ya san alamun, ya san babban da zai kai wa magana, an ceci rai.

A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka ba ta shiga aji da ƙafarta. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, asibitoci irin na Barnawa a Kaduna da na Maiduguri kuma sun yi wa ƙauyukanmu nisa. Malami ne ke ganin yaro kullum.

Saboda haka muna roƙo. Makarantun da ikilisiya ke riƙe da su su fara, kada su jira gwamnati. A gayyaci nas ko likita daga cikin membobinmu ya horar da malamai. Iyaye su ta da maganar a taron iyaye da malamai. Zumuntar Mata da shugabannin matasa su ba ta lokaci. Asirin yaron da ya buɗe zuciyarsa kuwa, kada a mai da shi sanarwar ranar Lahadi.

Ubangiji ya ba mu kunnen jin kukan da ba a yi da murya. Amin.