Horar da Ƙwaƙwalwa da Kwamfuta: Da Wane Harshe?

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 24 ke fama da nau'in taɓin hankalin da likitoci ke kira sikizofiriniya. Abin da akasarinmu muka sani game da cutar shi ne jin muryoyin da babu su. Amma akwai wata illar da ba a cika ambato ba, wato raunin riƙe magana da tattara hankali da tsara aiki. Magungunan da ake bayarwa tun shekarun 1950 suna lafar da muryoyin, sai dai ba su cika gyara wannan rauni ba, alhali shi ke hana majinyaci komawa makaranta ko riƙe sana'a.

Wannan giɓi ne ya sa masana suka koma ga kwamfuta. A 2009, Sophia Vinogradov da abokan aikinta a Kalifoniya ta Amurka suka sa majinyata atisayen sauraro na awa 50: su bambance sautin da ke hawa da mai sauka, sannan gaɓoɓi masu kama da juna, har a kai ga bin umarnin baka. Duk lokacin da mutum ya ƙware, sai manhajar ta ƙara wahala. Aka ga riƙe maganarsu ya inganta. Bitar da Til Wykes ta Landan ta jagoranta a 2011, wadda ta haɗa bincike 40, ta nuna amfanin irin wannan horo matsakaici ne, kuma ya fi bayyana a rayuwar yau da kullum idan an haɗa shi da sauran hanyoyin farfaɗo da majinyaci.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, ga inda nake da ja. Wannan atisaye na harshe ne, kuma a kan sautukan Ingilishi aka gina shi. Kunnen Bahaushe kuwa wani aiki yake yi dabam. Karin sauti ne ke raba kukan yaro da kukar miya, sannan ga bambancin da ke tsakanin bari da ɓari, wanda Ingilishi bai san da shi ba. In aka ɗauko manhajar kacokan aka ajiye ta a Barnawa ko Kware ko Dawanau, to me za ta auna, raunin ƙwaƙwalwar majinyaci ko ƙarancin Turancinsa? Fassara umarnin da ke jikin allo ba za ta wadatar ba. Sai an sake ɗaukar sautukan daga bakin masu harshen.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Kafin wata ma'aikata ta fake da ita ta ba da kwangilar sayo manhaja, ina kira ga sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da su zauna da likitocin ƙwaƙwalwa, a fara tattara jerin kalmomi da gaɓoɓin da za a yi gwajin da su.