Fatar kifi da karen gidanmu

Tun bayan rikicin Jos na 2001 gidanmu da ke Kwararafa bai rabu da karen gadi ba. A bayan gida yake ɗaure, ba ya kusantar kwanon kowa, amma ci da shansa suna wuyanmu.

Ranar nan wani maƙwabcina ya tarar da ni ina ba shi fatar kifi, sai ya ce, "Malam, kashe shi za ka yi." Ban yarda da shi ba. Fatar kifi da aka dafa a ruwa zalla abinci ce mai kyau ga kare, man da ke jikinta ma yana gyara masa gashi. Turawa a Ingila da Amurka har busar da ita suke yi su sayar wa masu karnuka da tsada.

Sai dai maganar tasa ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin mu ba irin wannan fatar muke bayarwa ba. Ragowar miya muke juye masa, an riga an zuba gishiri da magi da albasa da tafarnuwa. Albasa kuwa, ɗanya ko dafaffiya, lalata jinin kare take yi, kuma ba a ranar ake gani ba. Sai bayan kwanaki ka ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, a ce sammu ne. Ga kuma ƙaya da ke maƙale masa a maƙogwaro, musamman ta tarwaɗa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne banda. Sanin kowa ne wasu 'yan kasuwa na fesa wa busasshen kifi fiya-fiya don kada ƙwari su cinye shi. A ina maganin yake sauka? A kan fata. Uwargida ta wanke kifin da ruwan zafi, ta ɓare fatar, yara su kwashe su kai wa kare. Na hana wannan a gidana, har muka ɗan yi cacar baki, wai almubazzaranci ne.

Yanzu in an sayo kifin sanyi, ina sa a cire fatar kafin a sa kayan miya, a kankare ɓawon, a tafasa ta daban. Kaɗan nake ba shi, sau ɗaya ko biyu a mako, don titus na da maiƙo, in ya yi yawa sai gudawa. In kuwa ya fara dalalar da yawu yana karkarwa bayan ya ci wani abu, ba manja zan ɗura masa ba, likitan dabbobi zan kai shi a take, ko da sai na dangana da Vom.